Ɗigo Uku a Jikin Zulfa

Saura kwana uku a ɗaura auren Zulfa da Mukhtar aka wayi gari sunan amarya yana yawo a gindin injin niƙa.

Yakaka tana tsugune gaban murhun banda tana juya tarwaɗa, wata maƙwabciya ta shigo da roba, wai sayen kifi. Ta ɗaga wannan ta ajiye, ta shinshina wancan ta mayar.

"Ke, in kifi kika zo saya, saya. In magana ce a bakinki, tofar da ita. Hayaƙi ma ya ishe ni."

"Wallahi Inna, ni ma ji na yi. Wai 'Yar'azumi mai gyaran amare ce ta gani da idonta. Wai ɗigo uku ne a jikin Zulfa, shuɗi-shuɗi, ɗaya a kowane ƙugu, ɗaya a mara. Wai tsagar boka ce, ta mallaka. Wai da ita aka kama Mukhtar."

Yakaka ta miƙe a hankali, gwiwoyinta suna ƙara. Ta goge hannu a zane.

"A ina ta faɗa?"

"A wurin niƙa. Jiya da yamma."

"Mutum nawa ne a wurin?"

"An kai ashirin."

"To madalla. Ɗauki kifi biyu, kyauta, ki fice mini daga gida."

Duk unguwar an san Yakaka. Ba ta taɓa zama a aji ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa, amma ba a taɓa taka ta ta kwana da abin ba. Zulfa 'yar ƙanwarta ce. Ita ta raine ta tun uwar ta rasu, ita ta yi mata auren fari, kuma ita ta ɗauko ta ranar da likita ya ce sankarar bakin mahaifa ce, mijin ya aiko da takardar saki har kan gadon asibiti. Namiji ke nan! Shekara tara tana dafa masa, bai iya jiran ta wata biyu ba.

Mako biyar suka yi a Zariya ana yi wa Zulfa gashi da na'ura, kullum ban da Asabar da Lahadi, sannan aka ƙara da na ciki. Kafin a fara ne aka yi mata ɗigon nan uku da allura da tawada, don kullum in ta kwanta a saita na'urar daidai inda ciwon yake. Yakaka tana bakin ƙofa aka yi su.

Cutar ta tafi, alhamdulillahi, amma gashin ya bar nasa. Fatar mara da matsematsi ta yi baƙi ta saɓule, ko da ta warke ba ta son zafi ko gurza. Ciki ya zama mai saurin fushi, yaji kaɗan sai zawo. Al'ada ta ɗauke tana da shekara talatin da huɗu, zafi ya riƙa taso mata haka kawai ta jiƙe da gumi. Haihuwa kuwa, likita bai ɓoye ba, an rufe wannan babin.

Yakaka ta ɗaga labulen ɗaki da ƙarfi. Zulfa tana kwance ta juya wa ƙofa baya.

"Tashi. Me ya faru jiya da na tafi bakin kogi sarin kifi?"

Zulfa ta tashi zaune, idanu sun kumbura.

"Inna, ban so ki ji ba."

"Ai na ji. A bakin mai roba na ji."

"Hajiya Barira, mahaifiyar Mukhtar, ce ta aiko 'Yar'azumi. Ta ce a gidansu ba a kai amarya sai an yi mata dilka da turaren tsuguno, haka suka gada tun kakanninsu na bakin Cadi. 'Yar'azumin ta zo da kasko da garwashi da kujera mai huda. Na ce ta yi mini a hannu da ƙafa da fuska, amma daga cibiya zuwa ƙasa likita ya hana. Ta ce ita ba ta san likita ba. Ta fito da wani ƙulli, wai matsi."

"Matsi! Wurin da gashi yake tsukewa, har nas ta ba ki robobin da za ki riƙa sawa kada ya rufe, shi za ta ƙara wa matsi? Jaka! Sai kuma me?"

"Na ƙi zama a kan kaskon. Sai ta fizge mini zane, wai me nake ɓoyewa. Da ta gani sai ta yi salati, ta tattara kayanta ta fita a guje. Ko takalminta ɗaya ta bari."

Yakaka ta dubi takalmin a bakin ƙofa, ɗan silifa ja. Ta ɗauka ta soke a ƙugu.

"Wannan ni zan mayar mata."

Sai ga sallama daga zaure. Muryar Mukhtar ce.

*

Mukhtar direban a-kori-kura ne, yana kai bandar kifi da tattasai Kano da Zariya. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya mata biyu. Ranar da aka sallami Zulfa babu kuɗin shatar mota, wani ɗan Haɗejiya ya haɗa su da shi. Zawo ya sako Zulfa a gaba tun daga Kano, ga kunya ta hana ta magana. Ya lura ta madubi tana cije leɓe, sai ya gangara gefen titi.

"Ku yi haƙuri, lagireto ya yi zafi. Sai ya sha iska."

Sau tara lagireton nan ya yi zafi kafin Haɗejiya. A Gaya, a Jahun, a Gujungu, ko'ina akwai duhuwar da mace za ta fake. Kowane tsayi sai ya buɗe gaban mota ya tura kansa ciki, ba ya ɗagowa sai ya ji an rufe ƙofa. A tsayi na shida Yakaka ta zagaya ta dafa ƙarfen. Sanyi ƙalau. A ranta ta ce wannan ɗa ne.

Bayan wata uku ya fara zuwa sayen kifin da shi kansa yake sarin wanda ya fi shi.

Yau kam ya zo ba fara'a. Zulfa ta saka hijabi ta fita zaure, Yakaka ta laɓe a bayan katanga, don ita ba ta ga abin kunya a sauraron abin da ya shafe ta ba.

"Zulfa, Hajiya ta ce in na bari aka ɗaura, ba ta yafe mini nononta ba."

Sai sheshsheƙa.

"To ka bi maganarta, Mukhtar. Uwa ce."

"Haka za ki ce?"

"Me zan ce? Dube ni. Ba zan haifa maka ko ɗan yatsa ba. Miyar da za ka ci ba ita zan ci ba. Gumi ya jiƙa ni ana tsakiyar ruwan sama. Wata shida-shida sai na koma Zariya an duba ni, kuma ban san abin da za a ce ba. Akwai ma abin da ba zan iya faɗa maka da bakina ba, sai dai ka yi haƙuri da ni. Ga Radiyya can da Hajiya take so maka, yarinya ɗanya..."

"Kin gama?"

"Ban gama ba."

"To huta, ki ja numfashi. Duk wannan lissafin kin yi mini shi sau uku, kuma na bi ki wurin likita ya ƙara mini da wanda kika tsallake. Na ce na ji, na gani. Miya kuwa, wata huɗu ke nan na daina cin yaji don in saba. Kin san wahalar da mai dakon tattasai yake sha in ya daina cin yaji? Abokaina har sun sa mini suna Mai Jego, wai sai an yi mini tukunyata daban."

Zulfa ta yi dariya cikin kuka.

"Ni abin da ya fi ƙona mini rai," in ji shi, "wai asiri kika yi mini. Wato ni ba ni da idon da zan ga mace in so ta da kaina. Zulfa, tun a Jahun na gama yanke shawara. Kina fama da kanki, kika dawo mota kika ce mini sannu da wahala. Ni kika yi wa sannu!"

"To yanzu yaya za mu yi?"

"Bayan azahar mata za su taru a gidanmu, a tsayar da wadda za ta zo ta kwashe lefe a fasa auren. Har an ɗauko Gwaggo Aishatu daga Kirikasamma. Yayar babanmu ce, abin da ta faɗa shi ne."

Yakaka ta faɗo zauren kamar an jefo ta.

"Wa ka ce?"

Mukhtar ya durƙusa da sauri. "Ina wuni, Inna. Gwaggo Aishatu."

Yakaka ta dubi Zulfa. Zulfa ta girgiza kai, ido ya raina fata.

"Inna, kin yi rantsuwa."

"Na sani! Wa ya ce miki na manta? Kai kuma tashi, ka je ka zauna a zauren gidanku. Kada ka shiga, kada ka tafi."

Abin da Mukhtar bai sani ba shi ne, a kan bencin jiran gashi a Zariya akwai wata dattijuwa mai niƙabi da ba ta kula kowa. Wata safiya cikinta ya tsinke kafin ta kai banɗaki, a gaban mutane. Kowa ya kau da kai. Yakaka ce ta kwance zanenta na sama ta rufa mata, ta kai ta ta wanke ta. Da aka ɗaga niƙabi sai ga Gwaggo Aishatu, wadda duk danginta suka san tana wurin 'yarta tana taya ta jego. Ta kama hannun Yakaka tana kuka, ta ce ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba har abada. Yakaka ta rantse.

Yanzu ga maganin bala'in nan gaba ɗaya a kan harshenta, kuma an ɗaure harshen.

*

Kogi ya cika har yana lasar jinga, shinkafa ta yi kore shar a fadama, amma Yakaka ba ta ga ko ɗaya ba. Tafe take tana faɗa ita kaɗai, jakar leda ta takardun asibiti a hammata, silifa ja a ƙugu.

Ta tarar da tsakar gidan cike. Hajiya Barira a kan kujera, 'Yar'azumi a gefenta tana fifita, mata sun kai goma sha biyar. Can kan darduma a inuwa, Gwaggo Aishatu tana jan carbi. Da suka haɗa ido carbin ya tsaya.

"Salamu alaikum. Kada kowa ya tashi, ba zama na zo yi ba." Ta zaro silifan ta jefa gaban 'Yar'azumi. "Ga takalminki. Kin bar shi a inda kika tuɓe 'yar mutane."

"Yakaka," in ji Hajiya Barira, "gidan mutunci kika shigo."

"Shi ya sa na yi sallama. Barira, ni da ke mun yi tallan gyaɗa tare, kada ki yi mini muryar Hajiya. Me 'yata ta yi muku?"

"Tambayi wadda ta gani."

'Yar'azumi ta gyara zama. "Shekara ashirin ina gyaran amare, daga nan har Miga. Ban taɓa ganin amaryar da ta ƙi kasko ba. Duk macen da ta guji turare akwai abin da take tsoron ya karye. Na duba, na ga fata baƙi ƙirin kamar an babbaka, ga ɗigo uku a jere daidai wa daida. Hannun mutum na gari ba ya yin wannan."

"Hannun likita ne, shashasha! Da tawada aka yi, don a saita na'ura. Ga takardu."

Ta zazzage ledar a tabarma. Hajiya Barira ko kallo ba ta yi ba.

"Ke kin iya karantawa?"

"Ban iya ba."

"Ni ma haka. To takardar me? Na yarda ta yi ciwo, Allah ya ƙara sauƙi. Amma likita allura yake yi, ba tsaga ba. Ki gaya mini, ɗana lafiyayye, ga 'yan mata har Jahun ana yi masa tayi, ya rufe ido ya ce sai wadda ba za ta haihu ba. Ya daina cin yaji, Yakaka! Yaron da yake barbaɗa yaji a kan kunu! In ba asiri ba mene ne?"

"So ne, Barira. Ko kin tsufa kin manta kamanninsa?"

Wasu 'yan mata suka ƙyalƙyale, aka harare su.

Wata daga baya ta ce, "An ce ma wutar na'urar tana zama a jiki. Duk namijin da ya kusance ta sai ta ci shi."

"Wa ya ce? Fito da shi! Ni nake kwana da ita gado ɗaya shekara ɗaya da rabi, ga ni nan, ko gefen zanena bai ƙone ba."

"Ke ai mace ce."

Yakaka ta juya ta fuskance su. Ta faɗi mako biyar ɗin nan tun daga farko. Ta faɗi yadda fitsari yake yi wa yarinyar zafi har ta ciji zane, yadda fata ta saɓule ba a iya ɗaura mata komai sai a lulluɓa, yadda ta rayu a kan farar shinkafa da ayaba. Ta ce wannan baƙin da aka gani tabon yaƙi ne, kuma wadda ta ci yaƙin ita aka tuɓe ana yi wa dariya.

Amma Hajiya Barira ta taɓe baki.

"Duk bakinki ne, kuma 'yarki ce. Kawo mini mutum ɗaya, ɗaya tak, wanda ba naku ba, da ya taɓa ganin likita ya yi wa mutum irin wannan ɗigon. In kin kawo, na janye."

Yakaka ta juya ta dubi darduma.

Gwaggo Aishatu ta sunkuyar da kai.

Kalma uku kawai. Ga ta can. Bakin Yakaka ya buɗe, har iska ta shiga. Ta tuna Zulfa da kumburarrun idanu. Ta kuma tuna hannun nan da ya kama nata a banɗakin asibiti.

Ta rufe bakin. Tunda aka haife ta ba ta taɓa haɗiye magana mai nauyin wannan ba.

Ta durƙusa ta tattara takardunta ɗaya bayan ɗaya, hawaye yana ɗiga a kansu.

"Ba ni da shaida. Ku aiko a kwashi lefenku. Amma ƙazafin da aka yi wa marainiyar nan, ban yafe ba, kuma Allah yana gani."

Ta nufi ƙofa. Har ta sa ƙafa a soro.

"Yakaka."

Muryar ba ta da ƙarfi, amma kowa ya ji.

"Dawo. Zanenki yana wurina."

*

Gwaggo Aishatu ta dafa bango ta miƙe.

"A rufe ƙofar gida. 'Yar'azumi, matso, tunda ke ce mai ido."

Ta sassauta zanenta ta yi ƙasa da shi kaɗan. Ɗigo a ƙugun dama. Ta juya. Ɗigo a na hagu. Ɗaya a mara, a tsakiyar fata mai duhu.

"Irin su ne ko ba irin su ba?"

'Yar'azumi ta buɗe baki ta kasa rufewa. "Irin... irin su ne, Gwaggo."

"To ni wa na mallake? Mijina Alhaji mai shekara saba'in da biyar, da ba ya jin kira sai an taɓa shi?"

Wata ta tuntsire da dariya ta toshe baki.

"Ke kuma mai maganar wuta, shekara ɗaya da rabi Alhaji yana shiga ɗakina. Ki je Kirikasamma ki duba ko ya zama toka."

Ta ɗaura zanenta, ta zauna, ta faɗa musu komai. Jegon ƙarya, sankarar mahaifa, bencin jira, har da abin da ya same ta a gaban mutane da wadda ta rufa mata zane.

"Matar nan ta shigo gidan nan da sirrina a bakinta. Kun ƙure ta, kun sa ta kuka, da kalma ɗaya za ta gama da ku. Ta zaɓi auren 'yarta ya mutu da ta tona ni. Ni kuwa ina zaune ina jan carbi. Kunya ta ishe ni haka."

Hajiya Barira ta sauko daga kujera ta rarrafa wurinta, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Yaya! Ke kaɗai kika sha wannan? Don me ba ki gaya mana ba?"

"Don in ji sunana a gindin injin niƙa?"



Can Hajiya Barira ta share fuska, ta ce a hankali, "Amma Yaya, haihuwar fa? Mukhtar ba shi da ɗa namiji."

"Wannan gaskiya ce, ba za ta haihu ba, kuma ba ta ɓoye masa ba. Kina da maza uku bayansa, kowanne da mata. Ki je ki matsa musu. 'Yan matan nan biyu uwa suke nema, kuma na ga yadda Zulfa take ba wasu ruwa a benci ita da ba ta iya tsayuwa. Ranar Asabar za a ɗaura. Gyaran amarya ni zan yi da hannuna: ruwa mai ɗumi-ɗumi, man kaɗanya, lalle a hannu da ƙafa. Turarenmu na gado kuwa ba za a fasa ba, a kifa kwando a kan kasko a turara kayanta har su ƙoshi. Kaya za su hau wuta, ba yarinya ba."

Wata ta rangaɗa guɗa. Daga zaure aka ji Mukhtar yana tambaya da ƙarfi, "Lafiya? Guɗar mece ce? Don Allah wani ya gaya mini!"

"Ta aurenka ce, Mai Jego!" in ji wata ƙanwarsa. Gidan ya kaure da dariya.

Hajiya Barira ta kamo hannun Yakaka. "Ki yafe mini."

"Ke na yafe miki, don tsoro ne ya ruɗe ki, kuma gobe da kanki za ki je ki faɗa wa Zulfa haka. Amma wannan," ta nuna 'Yar'azumi da ke laluben ɗayan takalminta, "ba a nan ta yi ɓarnar ba, ba a nan za ta gyara ba."

*

Washegari da hantsi, lokacin da layin niƙa ya fi tsawo, Yakaka ta iso sanye da zanen da aka dawo mata da shi, wankakke, yana ƙamshin turare. 'Yar'azumi tana biye kamar mai zuwa gidan makoki.

"Malam Modu, kashe injin nan."

"Inna, ga layi..."

"Da aka ci naman 'yata ai ka rage masa ƙara don ka ji. Kashe!"

Inji ya mutu. 'Yar'azumi ta dubi ƙasa ta yi ƙunƙuni.

"Ba a ji ba. Da muryar shekaranjiya za ki faɗa."

"Abin da na faɗa a kan Zulfa ƙarya ne! Ɗigon asibiti ne, na saita na'urar gashi. Ba asiri ba ne."

"Saura biyu."

"Inna?"

"Ɗigo uku kika ce. Kowanne da tasa."

Ta faɗa sau uku. A na ukun har matan layi suna taya ta, ana tafi. Sunan Gwaggo Aishatu kuwa bai fito daga bakin kowa ba, don Yakaka ta riga ta gaya wa matan gidan abin da zai sami wadda ta kai shi waje.

Kafin ta tafi, wata mata ta jawo ta gefe, ta raɗa mata cewa wata huɗu ke nan tana ganin jini ba lokacinsa ba, tana tsoron faɗa.

"Tsoron wa? Gobe ki shirya, ni zan raka ki asibiti. In mijinki ya yi magana ki turo mini shi."

Ranar Asabar aka ɗaura. An yi tukunya biyu, mai yaji da marar yaji, ango ya zauna a gaban marar yajin yana ci yana yabawa, abokansa suna yi masa tsiya. Amarya ta fito kayanta suna tashin turare har bakin titi, gumi ya taso mata ana tsakiyar buɗar kai, 'yan matan Mukhtar biyu suka sa ta a tsakiya da mafici suna rige-rigen yi mata fifita. Hajiya Barira da kanta ta miƙo ruwan randa.

Bayan mako uku ranar komawa Zariya ta zo. Amarya a gaba kusa da direba, Yakaka a gefen taga da jakar takardu a cinya. Suna wuce Gujungu Mukhtar ya rage gudu, ya saci kallon matarsa.

"Anya lagireton nan bai yi zafi ba?"

Zulfa ta rufe fuska da gyale tana dariya. "Lafiyata ƙalau yau. Kuma na daɗe da sanin lagiretonka ba ya zafi, Inna ta taɓa shi tun a wancan karon."

"Inna! Ashe kin sani?"

"Na sani mana. Ka ɗauka don kyan motarka na ba ka 'yata?" Yakaka ta gyara zama ta yamutsa fuska. "Amma gangara gefe duk da haka. Ɗanwaken da uwarka ta aiko da safe, duk yajin da kuka daina ci a nawa ta juye."

Mukhtar ya gangara, ya fita, ya buɗe gaban mota ya tura kansa ciki. Kafaɗunsa kawai ake gani suna rawa.